Shekarar da Na Fito a Mayya

Kun zo da wayoyinku kun ce in koya muku wasan kwaikwayo a mako biyu, kafin a koma makaranta. Ke Zulai har kin ce ai ba wani abu ba ne, in mutum ya iya kuka ya iya dariya shi ke nan. To ku gyara zama. Ba zan hana ku ba, amma sai kun ji yadda aikin yake tukuna, daga bakin wadda ta yi shekara arba'in da ɗoriya a cikinsa.

A nan Daura kowa A'i 'Yar Cadi yake ce mini. Sunana na yanka Ashta. A Injamena aka haife ni, a can kuma na fara wasa, da Larabcinmu na Cadi, tun ban san akwai wani gari wai shi Daura ba.

Aikina na farko shara ne. Shugaban ƙungiyarmu, wani dattijo da muke kira Usta Barka, ya miƙo mini tsintsiya ranar da na je, ya ce in share dandamali in zauna in yi kallo. Wata shida ina haka. Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara kai ni bakin kogi da sassafe. Zai nuna mini masunta can nesa a cikin kwale-kwale, ya ce in tambaye su ko sun yi kamu, amma kada in yi ihu. In na ɗaga murya sai ya girgiza kai. Ya sa wata babbar 'yar wasa ta dafa mini ciki, ya ce daga nan magana take tasowa, wuya hanya ce kawai. Ranar da wani masunci ya juyo ya amsa mini, ranar Usta Barka ya ba ni matsayi na farko. Shekara uku ina fitowa a manyan matsayi, mutane suna cika zauren har kan taga.

Sai yaƙi ya zo. Ba labarin yaƙi kuka zo ji ba, don haka zan taƙaita. An kai lokacin da ake tsayar da mutum a titi a tambaye shi sunan ubansa da na kakansa, mu kuma sunayenmu ba su cikin waɗanda ake so a wannan lokacin. Ga shi mun taɓa yin wani wasa a kan soja mai satar akuya. Wata safiya muna tsakiyar gwaji aka shigo aka tafi da Usta Barka, ba a sake ganinsa ba. Washegari na haye kogi da zane biyu da akwatin aikina.

Akwatin nan na kwano da kuke gani a ƙarƙashin gado, shi ne. Ba abin da ke ciki da za a saya da tsada. Akwai gawayi, da shi ake zana tamoji a goshi da gefen baki. Akwai toka da aka tankaɗe, a kwaɓa da man kaɗe a shafa a gashi ya zama furfura. Akwai tsummoki na yin ciki ko doro, da ɗan madubi, da kwalli, da goro don rina haƙora in za ki fito a tsohuwa. Sai ƙullin citta da kanumfari, wanda ya fi komai muhimmanci, domin in murya ta dishe a tsakiyar kasuwa ba mai jiran ki ta dawo.

Gwaggona ce ta kawo ni Daura, tana auren wani mai fataucin shanu a nan. Na iso ban san Hausa ba sai gaisuwa. Wata ranar kasuwa na ga an jera duro huɗu an shimfiɗa katako a kai, mutane biyar suna wasa a kan yadda ake kare hatsi daga ƙwari a rumbu. Shugabansu wani malamin firamare ne, Malam Ma'azu. Da suka sauko na je na tsaya gabansa. Ba ni da kalmomin da zan roƙe shi da su, sai kawai na kwaikwayi tafiyar matar da ta fito a uwar gida, da yadda take gyara ɗankwali in ta ji haushi. Ya yi dariya har ya dafa duro. Ya je ya sami mijin gwaggo, aka yi sharaɗi cewa da rana kawai, kuma a dawo da ni kafin magariba.

Shekara biyu ina fitowa a bebiya. Duk wasan da Malam Ma'azu ya tsara sai ya saka bebiya a ciki saboda ni. Ni da na tsaya gaban cikakken zaure ina magana minti goma ba wanda ya yi tari, na koma nuni da hannu. Amma a nan na koyi rabin sana'ar. Na koyi yadda kafaɗa take faɗin abin da baki bai faɗa ba, da yadda ake juya baya a ce an yi fushi har na can ƙarshen taro ya gane.

Masu ba mu aiki ma'aikatan gona ne da na lafiya, wani lokaci makarantu. Su ɗora mu a bayan akori-kura, mu bi kasuwannin ƙauye. Amma ba su ne ainihin iyayen gidanmu ba. Ubangidanmu shi ne mutumin da ya jawo akuyarsa zai kai kara ya sayar. Bai zo kallo ba, hankalinsa yana kan ciniki. In ba ki tsayar da shi a numfashi uku ba, ya wuce. Mutanen Zango suna son a yi musu gardama a kan dandamali, su riƙa sa baki suna raba ku. Mutanen Baure kuwa shiru suke yi, ki ɗauka ba sa bi, sai bayan mako ki ji ana maimaita maganarki a tasha. Rana tana dukan ki, katako yana lilo, lasifika ta mutu, dole ki ci gaba.

A Zango na fara magana a wasa. Layi ɗaya aka ba ni. Wata mata za ta ce allurar rigakafi tana hana haihuwa, ni kuma in nuna ta in ce, wannan ƙarya ce. Na yi kwana uku ina maimaitawa. Da lokaci ya yi na miƙe, na nuna matar da yatsa, na buɗe murya irin ta bakin kogi na ce, wannan karya ce. Kasuwa ta kwashe da dariya har masu awo suka bar buhunansu. Matar ta sauka ta ƙi komawa. A mota Malam Ma'azu ya ce, "Malama A'i, yau kin zagi matar mutane a gaban jama'a. Amma kowa ya ji ki har bakin tasha. Sauran gyara ne."

Na yi gyaran. Na riƙa zama wurin mata masu sussuka ina sauraro, ina maimaitawa a ciki. Hausa ta zauna, na iya habaici, na iya zagi, na iya rarrashi. Amma ɗanɗanon harshen bai taɓa fita gaba ɗaya ba. Saboda haka matsayina ya zama sananne: Buzuwa, ko baƙuwa daga gabas, ko matar da ta zo cin rani. Uwa ko malama ko alƙaliyar mata, wasu ake ba.

Da fim na kaset ya zo, aka fara kirana Kano. Ku da kuka taso da kyamara a aljihu ba za ku gane wahalar ba. Duk abin da na koya sai da na rage shi. A kasuwa ana buɗe hannu, a gaban kyamara ido kawai ake motsawa. Kuma yawancin aikin jira ne. A kira ki da hantsi, ki zauna da toka a ka har la'asar ana gyaran janareto, sannan a ce ki yi kukan mutuwar ɗa yanzu-yanzu kafin rana ta faɗi. Ki yi, a ce wani ya gifta ta baya, a sake. Sau bakwai na taɓa yin kuka ɗaya.

Akwai fim ɗin da aka ba ni uwa, karo na farko, matar da ɗanta ya ɓata a hanyar ci-rani. Na zuba duk abin da na sani a ciki. A lokacin ba a ɗaukar murya a wurin aiki, sai daga baya a shiga sutudiyo a ɗora. Na yi ta jiran a kira ni, shiru. Da kaset ya fito na kalle shi a shagon Maman Emeka, wata Inyamura mai sayar da kayan miya da kwanuka a bakin layinmu, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur. Bakina ne yake motsi, amma muryar wata yarinya ce 'yar Kano. Maman Emeka ta dube ni ta ce, "Madam A'i, wa ke magana a cikinki?" Da na tambayi daraktan sai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Uwa ce Bahaushiya. Kasuwa ba za ta karɓi wannan harshen ba."

Shi dai wannan daraktan ne ya kira ni bayan shekara biyu, ya ce yana da babban matsayi, kuma da muryata za a yi. Mayya ce, baƙuwar da ta sauka a wani ƙauye yara suka fara mutuwa. Ya ce harshena ne ma ya sa ya zaɓe ni. Na san abin da yake nufi, amma shekara ashirin ke nan ina jiran a bar ni in yi dogon zance da bakina. Na karɓa.

Mai kwalliya ta zo da jan fenti da farin hoda za ta yi mini fuskar dodo, na ce a'a. Mayyar da take zare ido dariya take ba mutane. Na fito da fuskata, da zanena na yau da kullum. Na yi magana a hankali, da fara'a. Na riƙa kiran yara ina ba su ƙuli-ƙuli, sai dai in ɗan daɗe ina kallon yaro bayan ya juya baya, daƙiƙa biyu fiye da yadda ya kamata. Shi ke nan abin da na ƙara. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma ban sake ba. Kaset ɗin ya shiga ko'ina.

A lokacin gwaggo ta rasu, mijinta ma haka. Na taɓa aure bai daɗe ba, ba ni da ɗa. Ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya. Da farko mai ruwa ne ya daina tsayawa a ƙofata. Sai yaran layi, waɗanda kullum nake ba gyaɗa, suka daina shigowa. In na fito sai in ga mace ta jawo ɗanta ta mayar bayan zanenta. Na ɗauka abin zai wuce in wani fim ya fito.

A gidan akwai maƙwabciyata Talatu, ɗakinta yana kallon nawa. Tana da 'ya mai shekara biyar, Binta, wadda kusan a ɗakina ta koyi tafiya. Da damina zazzaɓi ya kama Binta, ya yi tsanani har ta fara fizge-fizge. A cikin zafin ciwon ta riƙa kiran sunana. Ni take kira saboda ni ta saba kira. Amma kun san abin da ake cewa in mara lafiya ya ambaci sunan wani.

Bayan azahar na ji tsakar gida ta cika. Na fito na tarar an shimfiɗa yarinyar a tabarma a ƙofar ɗakina, mata sun kewaye, maza suna zaure, wasu da sanduna. Talatu ta durƙusa a gabana.

"Yaya A'i, don girman Allah ki tsallaka ta."

Abin da ake cewa shi ne in mayya ta tsallaka wanda ta kama, ta sake shi ke nan.

Na ce, "Talatu, shekara shida muna cin tuwo a kwano ɗaya."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ban ce kin yi da gangan ba. Ki tsallaka ta kawai."

Na dubi taron yadda nake duban kasuwa kafin in hau duro. In na ƙi, yarinyar ta mutu, ba zan kai magariba ba. In na yi, na amsa sunan da bakina. Kuma ana ta wannan tsayuwa jikin yarinya yana ƙara zafi. Na ce zan yi, amma sai an kawo babur ya tsaya a ƙofar gida, ina gamawa a wuce da ita asibiti. Aka yi ta gunaguni. Maman Emeka ce ta kutsa ta fita, ta dawo da mijinta a kan babur. Na tattare zanena na tsallaka Binta sau uku. Talatu ta ɗauke ta, suka hau, suka tafi.

A asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Aka yi mata allurai da ƙarin ruwa. Kwana huɗu ta tashi tana neman koko. Na gode wa Allah, har yau ina gode masa. Amma warkewar nan ita ta gama da ni, domin ba wanda ya ce allura ce.

Mai gidan ya ce yana son ɗakinsa. Malam Ma'azu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya je wurin mai unguwa, ya je wurin liman, liman ya yi wa'azi a kan zato da ƙazafi. Wannan ya sa ba a taɓa jikina ba. Amma da aka tashi zuwa ƙauyuka, masu ba da aikin suka ce ba za a ɗora ni a wasan rigakafin yara ba, iyaye za su gudu. Malam Ma'azu ya zo da kansa ya faɗa mini, yana ta juya hularsa a hannu. Daga Kano kuwa kira uku na samu a wannan shekarar, duka mayya suke so. Na ƙi.

Mutane suna ta cewa ta koma garinsu mana. Sai na koma Injamena. Na sami zauren da muke wasa ya zama wurin ajiye tayoyi. Cikin 'yan ƙungiyarmu mace ɗaya na samu, wadda ta dafa mini ciki a bakin kogi, ta tsufa tana shirya wasa a wani ƙaramin gidan rediyo. Ta ce in zo a gwada ni. Na karanta layi uku, samarin da ke wurin suka fara murmushi. Ta kashe na'urar ta ce, "Ashta, Larabcinki ya zama na Hausawan kasuwa. In akwai matsayin baƙuwa zan neme ki." Wata biyu na yi na juyo.

Ban iya shiga Daura ba. Maman Emeka ta haɗa ni da ƙanwarta mai shago a Baure, na shekara ina auna gishiri da manja. Akwatin nan ban buɗe shi ba ko sau ɗaya.

Wata ranar kasuwa akori-kurar su Malam Ma'azu ta tsaya a Baure. Wasa ne a kan tsabtar ruwan sha, kuma matar da za ta fito a mai sayar da fura muryarta ta dishe tun a hanya. Malam Ma'azu ya zo shagon ya tsaya.

"Malama A'i, ba dole. In kin ce a'a, na fahimta."

Na wanke manjan hannuna na bi shi. Da na hau katakon nan kasuwa ta yi tsit, irin shirun da ba na kallo ba. Na ga wata ta sunkuya ta ɗauki ɗanta. Ina da numfashi uku. Sai na buɗe baki na karkatar da Hausata fiye da yadda take, na mayar da ita irin ta shekarar da na zo, ina kiran ƙwarya kwarya, ina juya namiji ya zama mace. Wani tsoho ya fara dariya, sai ta bazu. Wanda yake yi miki dariya ba ya tsoron ki a wannan lokacin. Da haka na dawo aiki, da haka kuma na dawo Daura. Shekara goma sha biyar da suka biyo baya da wannan gurguwar Hausar na ci abinci, alhali kuna ji yanzu yadda nake magana. Ban sake yin matsayin da ba na ban dariya ba har gwiwoyina suka hana ni hawa duro.

Don haka in kun ce in koya muku, zan koya muku numfashi da tsayuwa da yadda ake sauraron abokin wasa. Wannan shekara yake ci, ba mako biyu ba. Abin da ba zan iya koya muku ba shi ne yadda za ku sauko ku koma layinku da fuskar da kuka ara wa wani. Ku kuna da dangi a garin nan, wataƙila naku ya zo da sauƙi. Amma ku riƙa karanta matsayi har ƙarshe kafin ku ce to.

Bara Binta ta haihu, ɗa namiji, ta aiko musamman a ce in zo suna. Talatu ta riga mu gidan gaskiya. Na je, na sami wuri a gefen ɗaki na zauna. Ana ta miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, kowa ta ɗauka ta yi addu'a ta ba ta kusa da ita. Da ya iso hannun matar da ke gefena, sai ta miƙe tsaye, ta zagaye ni, ta ba ta gaba. Binta tana kan gado tana gani. Ta sauko da ƙyar, ta karɓi ɗanta, ta zo ta ɗora mini shi a cinya.

"Inna, ki sa masa albarka."

Na sa masa. Ban riƙe shi ya kai minti ɗaya ba na mayar mata. Daga ranar har suka yi arba'in, kullum da safe sai na bi ta shagon Maman Emeka, ita kuma ta aika a tambayo mini ko yaron ya kwana lafiya.